Kalma guda, ma'ana shida: «kod» da matsalar kalmomin tsaron waya da intanet a Bonkuku

0. Gabatarwa

Manufar wannan ƙasida ita ce duba wata matsala ta keɓaɓɓun kalmomi wadda, a ganinmu, masu nazarin harsunan ƙasa ba su ba ta kulawar da ta kamata ba. Tun da wayar salula ta shiga karkarar Nijar, masu magana da Hausa suka ari kalmomin Faransanci da dama don biyan bukata: rezo (réseau), kiredi (crédit), forfe (forfait), vokal ko bokal (message vocal), kod (code) da sauransu. Aro abu ne da kowane harshe mai rai yake yi, kuma ba shi muke ƙorafi a kai ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi, wato kod, ta haɗiye abubuwa shida mabambanta, waɗansunsu an yi su don a faɗa wa wani, waɗansu kuwa duk wanda ya faɗe su ya miƙa dukiyarsa ko sunansa ga wanda bai sani ba. Harshe bai raba su ba, saboda haka mai magana ma ba ya raba su.

Za mu fara da gabatar da wurin da muka yi lura (1), sannan mu bayyana abin da ke bin rezo sa'ad da mutum ya yi kira ko ya aika saƙo, da wanda ke iya ganinsa (2). Daga nan za mu duba kalmomin da Hausa ta tanada tun asali a fagen ɓoyo da sa ido (3), kafin mu zo kan kod (4) da shawarwarinmu (5).

1. Wuri da masu magana

Bonkuku ita ce fadar ƙaramar hukumar Imanan, cikin gundumar Filinge, jahar Tilaberi. Tana cikin kwarin Dallol Boso, bisa hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Baleyara zuwa Filinge. Gari ne mai harsuna da yawa: ana jin Zabarmanci da Tamajak da Hausa da Fulatanci, Hausar kuma ta ƙasar Kurfai ce, wadda Jibo Garba Malka ya kwatanta furucinta da na daidaitacciyar Hausa a 1978. Misalan da za mu kawo mun maido su cikin daidaitaccen rubutu, sai dai mun bar siffofin yamma irin su anka da sunka inda suka fito.

Abubuwa uku sun sa waya ta zama kayan aiki na yau da kullum a nan. Na farko, noman rani: saboda ruwa yana kusa a cikin kwarin, yankin ya yi suna a noman dankalin turawa, wanda ake kai wa kasuwannin Yamai, kuma cinikinsa da biyan kuɗinsa duk ta waya ake shirya su. Na biyu, cin rani: samari suna tafiya Najeriya da Kwatano da Lome da Akra da Abijan da Libiya, suna aiko da kuɗi gida. Na uku, rashin tsaro: an kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin jahar Tilaberi tun 2017, ta kai gundumar Filinge a 2020. Inda hanya ba ta da tabbas, labari da kuɗi sukan koma bin waya. Haka kuma, a irin wannan yanayi, abin da aka samu cikin wayar mutum yana iya jawo masa zargi daga kowane ɓangare.

Sai mu ƙara da abu guda wanda duk nazarin ya dogara a kansa. Mafi yawan manya a karkara ba su karanta boko, saƙonnin kamfanonin waya kuwa da Faransanci suke zuwa, na wasu manhajoji ma da Ingilishi. Ke nan tsakanin mutum da wayarsa kusan kullum akwai wani: ɗan lakwal na gida, mai shagon cajin waya, mai sayar da kiredi, direban da ke zuwa Yamai. Waya guda tana iya yi wa gida guda aiki, layin kuma an yi masa rajista da katin ɗan ƙasa na wani dangi wanda ke da takardu.

2. Abin da ke bin rezo

2.1. Saƙo da sawunsa

Duk abin da ya bi ta rezo kashi biyu ne. Akwai saƙon kansa, wato maganar da aka faɗa ko hoton da aka aika. Akwai kuma abin da tafiyar saƙon ta bari a baya, wanda Faransanci ke kira métadonnées. Mun zaɓi mu kira shi sawu, domin wanda ya taɓa bin sawun dabbar da aka sace ya san cewa, ko bai ga ɓarawo ba, ƙasa tana gaya masa inda aka bi, da yaushe, da mutum nawa.

Sawun waya ya ƙunshi aƙalla waɗannan: lambar da ke cikin katin layi (IMSI), wadda kamfani ke gane mai layi da ita; lambar ita kanta wayar (IMEI), mai alƙaluma 15, wadda ba ta canzawa ko an canza layi; lambar wanda aka kira; lokacin kira da tsawonsa; da eriyar da wayar ta kama a lokacin. Wannan na ƙarshe shi ke nuna wuri. A birni, inda eriyoyi suke kusa da juna, yana nuna unguwa. A karkara, inda eriya guda ta tsarin GSM ke iya kai har kilomita 35, yana nuna yanki kawai, amma idan aka jera sawun kwanaki da yawa, sai a ga ranar da mutum ya bar Bonkuku, da ranar da ya kwana Baleyara, da wanda yake kira kowace safiya. Kamfanin waya ba ya iya aiki sai da waɗannan bayanai, da su yake haɗa kira da lissafin kuɗi.

Abin da ya ɗaure sawu da sunan mutum shi ne rajistar layi. A Nijar an wajabta ta, kuma a watan Nuwamba na 2013 hukumar da ke kula da sadarwa a lokacin, ARTP, wadda ARCEP ta gada a 2018, ta sa an rufe kimanin kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar saboda ba a yi masu rajista ba. Sakamakon wannan ga mutanen da muka ambata a (1) a fili yake: wanda ya ba da katinsa aka yi wa layin wani rajista, duk sawun wannan layi sunansa yake ɗauke da shi.

2.2. Kulle saƙo

Kiran waya na yau da kullum da gajeren saƙo (SMS) a kulle suke tsakanin waya da eriya kawai. Da sun shiga na'urorin kamfani, a buɗe suke. WhatsApp, wanda shi ne manhajar da ta fi shiga karkara saboda saƙon murya ba ya bukatar karatu, ya kammala kulle saƙonninsa daga waya zuwa waya a watan Afrilu na 2016 (chiffrement de bout en bout). Ma'anar haka ita ce kamfanin waya da duk wanda ya tsaya a tsakiya ba sa iya jin abin da aka faɗa. Haka ma shafukan intanet masu adireshin da ya fara da https: mai kula da rezo yakan ga sunan gidan da aka ziyarta, ba ya ganin abin da aka karanta a ciki.

Ɗalibai sukan kwatanta wannan kulle da zaurance, kuma kwatancin yana da amfani in an san iyakarsa. Zaurance ƙa'ida ce ta sauya gaɓoɓin kalma, duk wanda ya gane ƙa'idar ya gane maganar. Kullen na'ura kuwa ƙa'idarsa a bayyane take ga kowa, abin da ke ɓoye shi ne mabuɗi, wato wata doguwar lamba da ke cikin wayoyin nan biyu kaɗai.

Kulle yana da iyaka uku. Ba ya rufe sawu: na'urorin tace zirga-zirga (inspection approfondie des paquets) suna iya gane cewa layi kaza yana amfani da manhaja kaza, a lokaci kaza, da nauyi kaza, suna kuma iya toshe ta. Manhajar VPN tana ɓoye wannan daga kamfanin waya, amma sai ta miƙa shi ga mai VPN ɗin. Na biyu, kulle ba ya kare wayar da aka shiga cikinta: a 2019 WhatsApp ya kai kamfanin NSO na Isra'ila ƙara a Amurka bisa kutsen da aka yi wa kimanin mutum 1,400 da manhajar Pegasus, a 2020 kuma masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto suka nuna cewa har da malaman addinin Kirista na Togo a cikinsu. Na uku, wanda ya fi shafar Bonkuku, kulle ba ya hana wanda aka aika wa saƙo ya tura shi gaba. Vokal ɗin da ya fita daga zauren dangi ya kai inda mai shi bai nufa ba, hannun mutum ne ya fitar da shi.

2.3. Abin da doka ta ce

Dokokin da suka shafi wannan fage duka da Faransanci aka rubuta su. Doka mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017 ta kafa hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, kuma doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 ta maye gurbinta. Doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ta shafi laifukan intanet. An cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi daga cikinta a 2022, aka maido shi a watan Yuni na 2024. A ranar 29 ga Mayu 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraren wasu hanyoyin sadarwa saboda tsaron ƙasa, bisa izinin shugaban ƙasa. Ƴan adawa suka ƙi ta, suna kafa hujja da aya ta 29 ta tsarin mulkin 2010, wadda ta kare sirrin wasiƙu da sadarwa. An dakatar da wannan tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Game da toshewa kuwa, an yanke intanet na wayar hannu har kwana goma, daga 24 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 2021, bayan sanar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa.

Ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci kan waɗannan dokoki. Abin da ya shafe mu shi ne mutumin da suke magana da shi: mutum guda, mai layi guda da sunansa, wanda ke karanta abin da aka aiko masa, ya ba da yardarsa ko ya hana. Mun ga a (1) cewa irin wannan mutum ba shi da yawa a Bonkuku.

3. Kalmomin da Hausa ta tanada

3.1. Asiri da sirri

Kalmomin nan biyu tushensu guda ne, wato sirr ta Larabci. Asiri tsohon aro ne wanda ya shigo tare da harafin ta'arifi, sirri kuwa ya shigo ba tare da shi ba, kuma ya fi kusa da bakin malamai. Ma'anarsu ta rabu. Dubi waɗannan:

(1) Allah ya rufa mana asiri.
(2) Asirinsa ya tonu.
(3) An yi masa asiri.
(4) Zo mu yi sirri.
(5) Abokin sirrina ne.

A (1) da (2), asiri shi ne abin da bayyanarsa ke zubar da mutunci: talauci, bashi, rauni, abin kunya. Kuma wani ne ke rufa wa mutum shi, Allah ko ɗan'uwa ko maƙwabci. A (3) kalmar ta koma sihiri. A (4) da (5) kuwa, sirri magana ce da mutum biyu suka sani, wadda aka hana na uku. Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikin kalmomin biyu da ke nufin abin da mutum ya sani shi kaɗai. Dukansu suna ɗauke da wani amintacce a cikin ma'anarsu.

Wannan ya sa fassarar da kafofin watsa labarai suka saba da ita, wato lambar sirri ko kalmar sirri (code secret, mot de passe), ba ta yin gargaɗin da ake zaton tana yi. Wanda aka ce wa «wannan lambar sirri ce» ya fahimci kada ya faɗe ta a kasuwa. Bai fahimci cewa an hana shi faɗa wa mai shagon da ya shekara biyar yana yi masa caji ba, ko muryar da ta kira shi da ladabi ta ce daga kamfani take. A wurinsa waɗannan abokan sirri ne, ƙin faɗa masu kuma zargi ne ga amanarsu.

3.2. Vie privée da données à caractère personnel

An sha fassara vie privée da rayuwar sirri. Ga kunnen Bahaushe wannan yana nuna mutum mai wani abu da yake ɓoyewa. Amma Hausa ta san abin da ake nufi, a tsarin gida ta ajiye shi: akwai ƙofar gida, akwai zaure, akwai cikin gida, baƙo kuma ba ya wuce zaure sai da sallama da izini, ko da babu abin kunya a ciki. Muna ganin sha'anin cikin gida, ko hurumin mutum, sun fi kusa da manufar.

Haka nan bayanan sirri ba ta dace da données à caractère personnel ba. Abin da doka ke nufi shi ne duk bayanin da za a iya gane mutum da shi: suna, lambar waya, hoto, murya, zanen yatsa, wurin da yake. Sunan mutum ba sirri ba ne, kowa a garin ya san shi. Haɗarin yana cikin tara waɗannan bayanai wuri guda a hannun wanda mai su bai sani ba. Bayanan mutum, ko bayanan da ake gane mutum da su, ya wadatar.

3.3. Sa ido da saurare

Hausa tana da sa ido, leƙen asiri, kasa kunne, tsegumi, kai rahoto, bin diddigi. Banda ta ƙarshe, dukansu suna ɗauka cewa akwai mutum mai ido ko kunne a kusa. Tarihi ma haka ya koya wa mutane. A zamanin Janar Seyni Kunce (1974-1987), wanda haifaffen Fandu ne a wannan gunduma ta Filinge, ofishin leƙen asirin da Amadu Umaru Bonkano ya jagoranta da mutane yake aiki, kuma dattawa har yau suna tuna yadda ake rage murya in baƙo ya zauna a majalisa. Shi ya sa tambayar da aka fi yi mana ita ce:

(6) Shin suna jin abin da muke faɗa?

Amsar da muka bayar a (2.1) ita ce sau da yawa ba a bukatar ji. Don haka muke ba da shawarar a ware saurare ga interception, wato kama saƙon kansa, a ware bin sawu ga tattara métadonnées, sa ido kuma ta zama uwar kalma (surveillance).

4. Ma'anonin kod

Ga abubuwa shida da muka ji ana kira kod, mun jera su daga wanda kowa ke iya sani zuwa wanda ba a faɗa wa kowa:

(a) Lambar umurni mai tauraro da shinge, wadda ake dannawa don duba kiredi ko sayen forfe. Alal misali *#06# tana nuna IMEI. Ta kowa ce, a bangon shago ake rubuta ta.

(b) Lambar katin kiredi da ake kankarewa. Kuɗi ce, wanda ya karanta wa ɗan'uwansa ita ta waya ya yi masa kyauta.

(c) Lambar karɓar kuɗi, wadda kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza da Nita da Amana ke ba mai aikawa. An yi ta don a faɗa, amma ga mutum guda, wato wanda zai karɓa.

(d) Lambar buɗe waya ko ta katin layi (PIN). Ta katin layi in an kuskure ta sau uku sai layin ya kulle, sai da wata lamba mai alƙaluma 8 (PUK). A gidan da ake tarayya da waya, mutanen gida sun san ta.

(e) Lambar asusun kuɗi na waya, irin na Airtel Money ko Moov Money. Duk wanda ya riƙe wayar ya kuma san ta, ya mallaki abin da ke ciki.

(f) Lambar tabbatarwa mai zuwa ta SMS, wadda ke aiki sau ɗaya. Ta WhatsApp alƙaluma 6 ce. Aikinta shi ne shaida cewa wanda ke buɗe asusu shi ke riƙe da layin.

Yanzu a dubi waɗannan jimloli:

(7) Turo mini kod ɗin in je in amsa.
(8) Mine ne kod na duba kiredi?
(9) Wani kod ya shigo wayarka bisa kuskure, karanto mini shi.
(10) Kod anka tambaye ni, ni ko na ba da.

Jimla ta (7) ma'ana ta (c) take nufi, ta (8) kuma ta (a). Dukansu maganar yau da kullum ce. Jimla ta (9) gininta ɗaya ne da (7): fi'ilin umurni, da mini, da kod a matsayin karɓau. Amma ita ce jimlar ɗan damfara, abin da yake nema kuwa (f) ne. Ya sa lambar wayar mutum a tasa wayar, kamfani ya aika lambar tabbatarwa ga mai layi na gaskiya, shi kuma ya kira ya roƙe ta. Da ya same ta, asusun ya koma hannunsa, da suna da hoto da duk zaurukan da mai shi yake ciki, sai ya shiga aika wa dangi da abokan ciniki cewa ana cikin matsala, a turo kuɗi. Jimla ta (10) daga bakin wani manomin dankali muka ji ta, wanda haka ta faru da shi a lokacin kai kaya Yamai. Ba wauta ce ta sa shi ba. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana faɗin kod ta waya, ana biyansa lafiya. SMS ɗin da ya zo masa yana ɗauke da gargaɗin kada a ba kowa lambar, da harshen da ba ya karantawa, yaron da ya karanta masa kuwa alƙaluman kawai aka ce ya karanto.

A Faransanci ma kalmar code guda ce, amma tana tafe da siffa ko ɗafi: de recharge, de retrait, secret, de vérification. Wurin aro, Hausa ta ɗauki kan yankin suna ta yar da sauran, kamar yadda aka saba gajarta dogayen kalmomin aro. A wasu fagage wannan ba ya cutarwa. A nan abin da aka yar shi ne ke ɗauke da gargaɗin.

5. Shawarwari

Ba ma ganin amfanin yaƙi da kod. Ta riga ta zauna. Abin da ake bukata shi ne a raba fagen gida biyu da sunayen da su kansu ke faɗin abin da za a yi.

Ga (a), (b) da (c) muna ba da shawarar uwar kalma lambar baki, wato wadda ake faɗa, da rassanta: lambar umurni, lambar kati, lambar karɓa.

Ga (d) mabuɗin waya ya dace, tun da mabuɗin gida ma mutanen gida ke riƙe shi. Amma saboda wannan dalilin ne mabuɗi ba ta dace da (e) da (f) ba: mabuɗi abu ne da ake bar wa maƙwabci amana in za a yi tafiya.

Ga (e) da (f) Hausa tana da wuri guda da ba ya ɗaukar mutum na biyu, shi ne ciki. Ana cewa na bar wa cikina, ana kuma karin magana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Daga nan muke ba da shawarar harɗaɗɗen suna bar-wa-ciki, bisa tsarin dafa-duka da hana-salla da faɗi-ka-mutu, inda fi'ilin umurni ya zama suna. Sai a ce bar-wa-ciki ta asusu ga (e), bar-wa-ciki ta SMS ga (f). Amfaninsa shi ne wanda ya ce «ba ni bar-wa-cikinka» ya tona kansa da bakinsa. Rauninsa shi ne tsawo, da yiwuwar a gajarta shi zuwa lambar ciki, wadda wani zai ɗauka lambar da ke cikin waya ce. Sai an gwada shi a bakin masu magana kafin a tsayar.

Kalma kaɗai ba ta isa ba, don haka duk bayanin da za a yi a rediyo ko a ajin yaƙi da jahilci ya kamata ya haɗa da abubuwa huɗu. Kamfani ba ya kiran mutum ya tambaye shi (e) ko (f). Lamba mai alƙaluma 4 tana da hanyoyi 10,000, amma 1234 da 0000 da shekarar haihuwa su ake fara gwadawa. WhatsApp ya ba da damar ƙara wata lamba ta dindindin mai alƙaluma 6 tun 2017, wadda ke hana mai (f) kaɗai ƙwace asusu. Wanda aka ƙwace wa nasa kuma yana maido shi ta sake rajista da layinsa, sai dai in ɓarawon ya riga ya sa wannan lamba, a jira kwana 7. Na ƙarshe, layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfani yakan sake sayar da lambarsa, duk asusun da aka rataya a kanta kuma sabon mai layi zai iya buɗe shi. Wannan ya shafi ƴan cin rani da ke barin layin gida watanni.

Wanda ba ya karatu ba zai daina neman mai karanta masa ba. Abin da za a iya koya masa shi ne ya bari a nuna masa inda zai danna, ya karɓi wayar ya danna bar-wa-cikinsa da hannunsa. Alƙaluma goma ne kawai, kuma ƴan kasuwar Bonkuku sun san su daga takardun kuɗi da ma'auni.

6. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa tsaron asusu a wuri irin Bonkuku ya dogara da yadda harshe ya yanka fagen ma'ana. Sirri da asiri suna ɗauke da amintacce a cikinsu, kalmomin sa ido suna ɗauke da mai kunne, kod kuma ta haɗa abin faɗa da abin ɓoyewa. Kundin da aka zartar a ranar 26 ga Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan za a fassara dokokin da muka ambata da saƙonnin kamfanonin waya, zaɓen kalmomi zai faɗo kan sassa irin namu, kuma kuskure a nan wani ne zai biya shi da kuɗin dankalinsa.

Aiki biyu suka rage. Na farko shi ne gwada kalmomin da muka kawo a Filinge da Dogon Dutsi da Tawa da Maradi da Damagaram, a ga wace ce ke zama. Na biyu shi ne irin wannan nazari a Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci, tun da manomin da ya faɗi jimla ta (10) yana ciniki da harsuna uku a rana guda, kuma kod tana cikin dukansu. Muna gayyatar abokan aiki da ɗaliban da ke neman batun kundi su ɗauki ɗaya daga ciki.